Ciwon Cikin da Gwaji Ba Ya Gani: Yadda Nake Lallaɓa Hanjina a Legas

Ni magatakarda ne a wajen dillalan albasa a kasuwar Mile 12. Mota ta iso daga Aliero ko Sakkwato, in ƙirga buhu, in rubuta na wane ne, nawa aka sauke, nawa ya ruɓe a hanya. A Agege nake zaune da iyalina, don haka kullum sai na bi danfo ta Ogba da Ojota da Ketu kafin gari ya gama wayewa. Wanda ya san hanyar nan ya san tafiyar minti 40 kan koma ta awa biyu. To ka ƙaddara kana tsakiyar kujerar baya, an matse ka hagu da dama, mota ta tsaya cak a goslo, sai ciki ya murɗa, gumi ya karyo maka, ka tabbata minti biyar kawai gare ka. Shekara huɗu na yi a haka kafin in san sunan abin da ke damuna.

Kala biyu yake zo mini. Wani makon gudawa ce, musamman da safe, sau uku ko huɗu kafin ƙarfe tara, da majina-majina, kuma ko na fito daga bayi sai in ji kamar da saura. Wani makon sai ciki ya ɗaure, in kwana uku ban zaga ba, in ya zo kuma sai ya fito ƙanana masu tauri kamar kashin awaki. Ga kumburi: da safe wando daidai, da la'asar sai na sassauta tazuge. Ga ƙugi, ga iska, ga ciwo a ƙasan cibiya ta hagu da kan lafa in na yi bayan gida. Kowa a kasuwa da sunan da ya raɗa masa. Wannan ya ce basir ne na ciki, wancan ya ce dattin ciki, mai kemis ya ce taifot da olsa. Hajiya, wadda ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce mini a waya, “Yaron nan, ka kula da abin da kake ci a hannun mutane.” Na san sammu take nufi, kuma na san tsoro ne irin na uwa. Na sha Flagyl har bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe, na sha kafso kala-kala, na sha jiƙo na gida da agbo na Yarabawa. Sau biyar ana yi mini gwajin Widal ana cewa taifot ne, alhali ko zazzaɓi ba na yi. Daga baya na gane cewa gwajin nan, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, yakan nuna alamar taifot ga mutane da yawa da ba su da ita a ƙasashe irin namu, shi ya sa likitoci suka fi yarda da gwajin da ake shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Ranar da na samu ganin likitan ciki a wani asibitin gwamnati, tambayoyinsa sun fi rubutunsa yawa. “Malam, ciwon yana tashinka daga barci? Ka taɓa ganin jini? Ka rame? A danginku akwai wanda ya yi kansar hanji?” Ya tura ni gwajin jini da na bayan gida. Da na dawo da sakamako ya duba, ya rubuta haruffa uku a kati, IBS, ya ce, “Hanjinka ba shi da gyambo, ba shi da tsiro. Aikinsa ne ya rikice.” Tun daga ranar nake kiran abin rikicin hanji.

Tambayoyin nan nasa su ne ƙofar shiga, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake su. Rikicin hanji ba ya sa jini a bayan gida, ba ya sa rama ba gaira ba dalili, ba ya sa zazzaɓi ko ƙarancin jini, kuma ba kasafai yake tashin mutum da gudawa cikin dare ba. In kana da ɗaya daga waɗannan, ko ka ji ƙullutu a ciki, ko bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, ko sauyin ya fara ne bayan ka haura shekara 45, ko akwai kansar hanji a gidanku, to ka ajiye wannan rubutu ka nemi asibiti. Ƙila a buƙaci zura na'ura ta dubura a leƙa hanjin. Manyan asibitocin koyarwa na Legas, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, suna da likitocin ciki, kuma yawanci da takardar turawa daga ƙaramin asibiti ake zuwa. Na fi jaddada maganar jini, domin mun saba duk jinin da ya fito ta nan mu ce basir ne, a sayi jiƙo a tasha, a yi shekara ana sha. A irin ƙasarmu kuma dole a duba bayan gida saboda tsutsar ciki da ƙwayoyin atini da makamantansu, waɗanda ke kwaikwayon wannan ciwo sak, kuma su suna da maganin da ke kashe su. Mata su ƙara da wannan: kumburin da ba ya saɓewa ko da safe, musamman ga wadda ta manyanta, yana bukatar a duba mahaifa da ƙwan haihuwa.

In duk an duba ba a ga komai ba, likitoci ba cankar suna suke yi ba. Akwai ma'aunin da ƙwararru suka amince da shi, ana ce masa ƙa'idojin Rum, wanda na huɗunsu ya fito a 2016: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku da suka wuce, wanda ya faro wata shida ko fiye, kuma yana tafe da biyu cikin uku, wato yana da alaƙa da yin bayan gida, ko yawan zagawar ya sauya, ko kamannin bayan gidan ya sauya. A duniya ana samunsa ga mutum 4 zuwa 10 cikin 100, gwargwadon ma'aunin da aka bi, kuma ya fi yawa ga mata, inda yakan tsananta lokacin al'ada. Ba ya komawa kansa, ba ya rage kwana. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta sa na yi barci a daren ranar.

Me ke faruwa a ciki? Hanji yana da jijiyoyinsa na kansa, sama da miliyan 100, kuma saƙo na kai da komo tsakaninsa da ƙwaƙwalwa dare da rana. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa in mutum ya firgita muke cewa cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hanjinsa ya kaɗa. Ga mai rikicin hanji wannan saƙo ne ya yi ƙarfi fiye da kima. Hanjin kan yi gaggawa ya tura abinci kafin a tsotse ruwansa, ko ya yi nawa har abin ya bushe. Sannan jijiyoyin sun cika ji: iskar da maƙwabcinka a benci ba zai ma san tana cikinsa ba, kai ita ce za ta naɗe ka. Nawa ya faro ne bayan wani amai da gudawa da na yi a wata damina, kuma likitan ya ce wannan sananne ne, kusan mutum 1 cikin 10 da suka yi gudawa mai tsanani ta ƙwayoyin cuta sukan wayi gari da shi bayan cutar ta tafi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da na yi ta ɗirka ba bisa ƙa'ida ba ƙara dagula lamarin ya yi, don yana share har da ƙwayoyin kirki da hanji ke dogara da su.

Abin da ya fi kowane magani yi mini amfani shi ne littafi. Tunda rubutu ne sana'ata, na sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta na ja masa layuka kamar yadda nake yi wa na buhuna. Kowace rana nakan rubuta abin da na ci da ƙarfe nawa, sau nawa na zaga, tsananin ciwo daga 0 zuwa 10, awa nawa na yi barci, da abin da ya ɓata mini rai in akwai. Don kamannin bayan gida likita ya nuna mini wani zane da aka yi a Biristol ta Ingila a 1997, mai lamba 1 zuwa 7: lamba 1 shi ne irin na awaki, 3 da 4 su ne daidai, 7 ruwa zalla. Lamba kawai za ka rubuta, ko wani ya buɗe littafin ba zai gane ba, kuma a gaban likita ta raba ka da kunyar bayani. Ka yi mako biyu ko uku kana rubutu ba tare da ka sauya komai ba. Kuma kada ka ɗora laifi kan abincin da ka gama ci yanzu-yanzu. Cin abinci, ko wane iri ne, yakan zaburar da hanji ya motsa, amma abin da ke fita da kumburin da ke biyo baya sau da yawa na abin da aka ci awanni da suka wuce ne, har na jiya da dare.

Ni duk zatona barkono ne abokin gaba. Littafi ya nuna mini cewa ranakun da suka fi muni su ne waɗanda na karya a teburin mai shayi, da shayi mai kaurin madara da rabin burodin Agege da Indomie da aka zabga wa albasa, sai ranakun da mota ta zo da ruɓaɓɓen kaya aka wuni ana cacar baki, sai kuma duk daren da barcina bai kai awa biyar ba. Naka ba lallai ya zama irin nawa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin ka fara haramta wa kanka abinci, gyara yadda kake ci. Yawancinmu 'yan ci-rani haka muke: shayi da asuba, goro da ruwan leda har magariba, sannan a danna tuwo malmala uku a kwanta. Hanji mai rikici ba ya son a bar shi wayam sannan a yi masa lodi. Ka ci sau uku ko huɗu a kan lokaci, kaɗan-kaɗan, a zaune, kana taunawa. Ruwa kamar kofi 8 a yini. Shayi da kofi kada su wuce kofi 3, kuma ka lissafa goro a cikinsu, don sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikin goro, yana kuma zaburar da hanji. Lemon kwalba mai gas da abin sha na ƙara kuzari ka rage su sosai. Abinci mai maiƙo da yawa yana sa ciki murɗawa. Cingam da alewar da aka rubuta ba sukari a jikinsu suna da wani zaƙi da ke sa gudawa. Mutane da dama daga nan kaɗai suke samun sauƙi, ba sai sun je mataki na gaba ba.

Ni sai da na je. Masana a jami'ar Monash da ke Melbon ta Ostareliya sun gano cewa akwai wasu ƙananan sinadaran sukari a abinci, sun haɗa su a suna ɗaya, FODMAP, waɗanda ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su da kyau. Sai su janyo ruwa, su wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke can su yi ta cinsu suna fitar da iska, kamar yadda ƙullun masa ke tashi in ya kwana. Ga kowa haka yake faruwa, mai rikicin hanji ne kawai ke jin jiki. A abincinmu, inda suka fi yawa shi ne albasa da tafarnuwa, alkama da duk abin da aka yi da fulawa, wake, madara, zuma, mangwaro, kankana, tuffa, da dabino in ya yi yawa. Ka duba ewa agoyin da burodi, abincin da Legas ke taƙama da shi: wake ne da alkama da soyayyiyar albasa da mai da barkono a faranti ɗaya. Waɗanda ba su da su sosai kuwa, alhamdu lillahi, su ne abincin da muka tashi da shi: shinkafa, gero, dawa, masara, dankalin Turawa, doya daidai kima, nama, kifi, ƙwai, gyaɗa, tumatir, karas, kokwamba, lemon zaƙi, gwanda, abarba, da ayabar da ba ta nuna luguf ba. Awara ma tana ciki duk da daga waken suya take, saboda sinadarin yana bin ruwan da ake tacewa.

Yadda ake yi shi ne a janye masu yawan nan gaba ɗaya na mako 2 zuwa 6, ba fiye ba. Ni mako huɗu na yi a kan koko da kunun gyaɗa, tuwon shinkafa da na masara, miyar kuka da kuɓewa, masa, dafaffen ƙwai da kifi. In ba ka ga wani sauyi ba bayan wannan, to matsalarka ba nan take ba, ka koma cin abincinka. In ka ga sauƙi, sai ka fara dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki wake, misali: ranar farko cokali biyu, ta biyu rabin ludayi, ta uku ludayi guda, kana rubutawa. Sai ka huta kwana biyu ko uku ciki ya kwanta, ka ɗauko madara. Wannan mataki na dawowa shi ne mutane ke gudu saboda tsoro, kuma kuskure ne babba, domin abincin nan su ne cimar ƙwayoyin kirki na hanji, kuma wanda ya zauna a kan farar shinkafa wata da watanni zai rame ya rasa ƙarfi. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro, da mai ciwon suga, da wanda dama ba shi da jiki, kada su fara sai da masanin abinci na asibiti.

Ga abin da na samu a kaina bayan wata biyu. Ɗanyar albasa da tafarnuwa ba ma shiri ko kaɗan. Wake ludayi ɗaya ba laifi, in an jiƙa shi ya kwana an zubar da ruwan. Ƙosai uku, ba bakwai ba. Burodi yanka biyu. Madarar gari da ta gwangwani a shayi sun fita, amma nono daidai kima a fura yana zama, saboda tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar. Abokaina Fulani na kasuwa suna shan madara ba abin da ke samunsu, don da yawansu sun gaji iya narkar da ita har girma, abin da yawancin manya a Afirka ta Yamma ba su da shi.

Maganar albasa ce ta fi wuya a gida. Uwargida ta ce, “Maigida, miya ba albasa ai ruwan zafi ce.” Gaskiyarta. Abin da ya cece mu biyu ne. Na farko lawashi: koren ganyen albasa ba shi da sinadarin da ke cikin ƙwallon, kuma yana ba da ƙamshi. Na biyu, sinadarin yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai. Sai ta yanka albasa manya-manya ta soya a mai, har da tafarnuwa, ta tsame su tas kafin ta zuba tumatir ko ruwa. Ƙamshin ya shiga man, abin da ke kumbura ni ya fita da yankakkun. Amma in an riga an dafa albasa a cikin romo, tsame ta ba ya amfani, ta riga ta saki abin. Irin wannan man kuma a yi amfani da shi a ranar, kada a ajiye shi da tafarnuwa a ciki. A waje kuwa nakan ce wa mai tsire kada ya sa albasa, yaji kaɗan. A buka, wato gidan abinci, inda an riga an markaɗa albasa a miya, nakan ci amala da ewedu in ce a ɗiga jar miya kaɗan.

Sai hanya, wadda a Legas rabin ciwon ce. Da, nakan fita da asuba ban ci komai ba don tsoron abin da zai faru, sai in karya a kasuwa, ciki ya rikice a tsakiyar aiki. Yanzu ina tashi minti 40 kafin lokacin da na saba. Bayan sallah in sha koko mai ɗumi da ɗan abin taɓawa, in jira. Hanji ya fi motsi da safe bayan an ci abinci, don haka gara ya yi motsinsa ina gida. Wanda nasa ɗaurewa ne shi ma wannan ne lokacinsa: ya zauna minti biyar zuwa goma ba tare da yunƙuri ba, in masai na zama ne ya ɗora ƙafafunsa a kan ƙaramar kujera gwiwa ta ɗara ƙugu, don tsugunon da muka saba da shi a gida ya fi sauƙaƙa fita. Na kuma haddace inda banɗaki yake a hanyata, masallatai da gidajen mai da na kuɗi a tasha, kuma ina ajiye canji a aljihun gaba saboda su. A jakata akwai gorar ruwa da ɗan sabulu da gajeren wando. A danfo ina jiran mota ta gaba in dai zan samu bakin ƙofa. Abin da na lura shi ne tun da na yi wannan shiri, sau ƙalilan na bukace shi, domin tsoron kada a ji kunya shi kansa yana tayar da hanji. In murɗar ta zo a goslo, nakan ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, in ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, ina salati a zuci. Sau da yawa kafin a yi haka sau goma guguwar ta wuce.

Magani yana da wurinsa, amma kowanne da alamar da yake yi wa aiki, babu guda da ke tumɓuke ciwon. Don murɗa akwai Buscopan da ire-irensa, da kafson man na'a-na'a, wanda kan sa wasu ƙwarnafi. Mai ciwon zuciya, ko hawan ruwan ido, ko wahalar fitsari, ya tambayi likita kafin ya sha Buscopan. Don gudawa akwai Imodium, ni nakan sha ne kawai in zan yi doguwar tafiya, kuma ba a shansa in akwai jini ko zazzaɓi. Don ɗaurewa akwai garin da ake kaɗawa a ruwa irin Fybogel, a fara da kaɗan a bi shi da ruwa sosai, in ba haka ba kumburi zai ƙaru. Dusar alkama da ake cewa tana sassauta ciki takan ƙara wa irinmu ciwo. Filasko da jiƙe-jiƙen wankin ciki suna fitar da bayan gida da murɗa mai tsanani, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak suna cin bangon ciki, tiramadol da kodin kuwa ɗaure hanji suke yi, ban da sauran illarsu.

Akwai wanda na ƙi karɓa da farko. Da ciwon ya ƙi lafawa a shekarar da mai gida ya ƙara mana kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga na aikawa gida, likita ya rubuta mini amitiriftilin, miligiram 10 da dare. Mai kemis ya ce maganin masu damuwa ne, na koma da fushi na ce, “Likita, ni ciki na kawo maka.” Ya zaunar da ni ya bayyana cewa a wannan ɗan ƙaramin awo aikinsa rage ƙarar saƙon ciwo ne tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. An gwada shi a Ingila a kan mutum 463, sakamakon ya fito a 2023, ya kuma fi taimako a kan ƙwayar da ba magani a cikinta, wadda aka ba wasunsu don a kwatanta. Yana sa barci da bushewar baki, yana iya ƙara ɗaure ciki, saboda haka ba abin saye a kemis da ka ba ne. Na sha na wasu watanni ya rage mini a hankali. Tare da shi na fara sauka a Ketu da yamma in taka na minti 20 ko 30 kafin in hau mota, na kuma daina kwana da waya a hannu. Na yarda yanzu cewa damuwa tana hura wutar ciwon, kuma faɗin haka ba ya nufin mutum ƙirƙirar ciwon yake yi.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne alwala. Na yi lokacin da nake sake alwala sau uku kafin sallah ɗaya, na daina shiga sahun gaba, har jam'i na fara gudu. Da na daure na tambayi limaminmu a keɓe, ya ce, “Malam, ai da ka zo tun tuni.” Ya tuna mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda yake jin motsi a cikinsa yana sallah kada ya fita sai ya ji ƙara ko wari. Ƙugin ciki ba ya karya alwala. Ya kuma yi mini bayanin hukuncin salas a Malikiyya, wato abin da ke fita ba da ikon mutum ba yana lazimtarsa mafi yawan lokaci, da sauƙin da malamai suka yi a kai. Halin kowa daban ne, don haka ka kai naka gaban malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa dalla-dalla. Waswasin nan da kansa yana ƙara kumburi, don mai ɗar-ɗar yana haɗiyar iska bai sani ba.

Azumi kuma da rana lafiya lau nake, wahalar tana wajen buɗa-baki. Dabino bakwai, kankana, ƙosai, kunu, lemo mai sanyi, duk cikin minti goma a kan hanjin da ya wuni a rufe, kafin isha'i ciki ya zama ganga. Yanzu dabino ɗaya nake ci da ruwa, in sha kunu rabin kofi, in yi magariba, sannan in ci abinci daidai, in ajiye saura sai bayan asham. Ruwa ina kurɓarsa kaɗan-kaɗan har sahur. Da sahur tuwo ko shinkafa da miya marar maiƙo, ba shayi mai madara, ba wake. Ranar da gudawa ta yi tsanani har jiri na ɗibar mutum, Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya.

Ciwon bai tafi ba, yakan yi wata biyu shiru sannan ya leƙo, galibi in na yi sakaci da barci ko aka shiga rububin kaya. In ya dawo nakan koma kan koko da tuwon shinkafa kwana uku, in buɗe littafi in duba abin da ya sauya. In kuwa ya zo da wata alamar da ban saba gani ba, asibiti nake komawa, da littafin a hannu. Tafiyar Sallah zuwa gida, wadda ta fi kwana a mota, ita ma tana da nata shiri: tun jajibirin tafiya ba wake ba burodi, ina sayen kujerar kusa da ƙofa ko da an ƙara kuɗi, guzurina dafaffen ƙwai da gyaɗa da ayaba da masar da uwargida ta soya, kuma duk inda direba ya tsaya sallah ina sauka in zaga, ko ban ji komai ba.